Nasidi Mai Amalanke da Tarin da Ya Bari a Gida

Tun shekarar sanƙarau, wadda da kakarta aka yanke Zamfara daga Sakkwato, ban ga Badarawa ta yi jana'iza kusa da kusa kamar kakar bana ba. Waccan shekara yara aka ɗiba. Bana mu tsofaffi ake ɗiba. Na baya-bayan nan shi ne Malam Nasidi Jaji, wanda aka fi sani da Nasidi Mai Amalanke, abokina tun muna kiwon awaki, kuma mijin ƙanwata Rekiya. Allah ya karɓi abinsa ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Rabi'u Sani, da hantsi, a asibiti a Kaura Namoda. Aka kawo shi gida, aka yi masa sutura bayan azahar. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma, babba da yaro.

Ni Nagoggo ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Malam Muhtari na makarantar firamare ke rubuta wannan, ina faɗa yana sawa. Ya ce zai daidaita harshen yadda ko mutumin Kano zai karanta. Na ce ya daidaita harshe, amma kada ya taɓa magana. Za a tura wa 'yan garinmu da ke Gusau da Kaduna da Legas su gani a waya. To, su gani. Ta'aziyya ce, sai dai akwai zance a cikinta wanda ba ya jira: Rekiya tana ɗakin takaba da irin tarin da ya kai ka, Nasidi, kuma an ce ba za ta fita ba. Zan zo kan wannan. Bari in fara ba ka haƙƙinka.

A shekarar sanƙarau ɗin nan babu motar da ke yarda ta ɗauki yaro mai sandararren wuya. Direbobi suna tsoro, ban kuma ga laifinsu ba. Kai ka sauke buhunan taki daga amalankenka, ka shimfiɗa zana da tabarma, ka ɗaure shanunka biyu, ka shiga jigilar yara zuwa Shinkafi cikin zafin bazara. Wasu ka dawo da su a zaune, wasu a rufe. Ɗana Mahmud yana cikin waɗanda ka ɗauka. Har yau kunnensa ɗaya ba ya ji, amma yana raye, yana da iyali. Kafin damina ta sauka ɗaya daga shanun, jan nan, ya faɗi a hanya, bai sake tashi ba. Da aka zo yi maka jaje sai ka ce sa ne, ba shi da uwar da za ta yi kuka. Daga shekarar nan sunan Mai Amalanke ya bi ka, ko da babura suka cika gari ba a sauya maka shi ba.

Ina kuma tuna shekarar da shanun Fulanin Katuru suka kwana a gonarka ta gero, yana tsakiyar fitar da kai. Aka taru gaban mai gari don a yanke ɓarna. Ka ce ba ka son a biya ka komai. Abin da kake so, bayan girbi Ardo ya sauke garkensa a gonar har rani ya yi nisa. Mutane suka ce ka yi wauta, ni ma na faɗa. Damina ta zagayo, geron gonar nan ya fi na kowa tsayi da kauri. Tun daga nan kowace kaka can suke sauka, matansu suna kawo wa Rekiya nono, ita tana ba su ƙuli-ƙuli. Ranar jana'izarka na ga jikokin Ardon nan a sahu, duk da yadda zama ya lalace tsakanin mutane a shekarun nan. Sun biyo hanyar daji da ƙafa. Ba wanda ya aika musu.

Wanda yunwa ta sa ya cinye irinsa kafin shuka ya san ƙofar rumbunka. Ba ka aunawa, da ƙwarya kake ɗiba, kana zagin mutum a kan sakaci har ya bar gidan. Ni kuwa kana kirana rumbun tsofaffin labarai, wai ɓeraye ma sun ƙi abin da ke ciki. Duk da haka in gardama ta tashi a dandali kan iyakar gona ko shekarar da aka haifi wane, kai ne mai cewa a kira Nagoggo.

Ba zan wanke ka fes ba, don kai ma ba za ka so ba. Kana da taurin kai wanda ya fi nawa, ni da aka sani da shi. Ka sha lofe tun kana saurayi har furfura ta game maka kai, ba ka ajiye shi ba sai bayan da ka dawo daga Makka. Shayinka kuwa sai cokali ya kusa tsayawa a ciki don suga. Shekarar da aka kulle kasuwanni saboda annoba, ma'aikatan lafiya suka auna ka suka ce kana da ciwon suga, jininka ma ya hau. Ni kaɗai ka gaya wa. Ka sha maganin na ɗan lokaci, ka ga ƙafarka tana kai ka gona, ka watsar. Ka ce mutumin da ake aika wa in wani ya kwanta bai kamata a ji yana da ciwo ba.

Murar bana da girbi ta shigo. Yara ta fara kamawa, suka yi zazzaɓi da majina, suka miƙe suka koma wasa. Sannan ta shiga manya. Kai ta same ka a masussuka, ƙaiƙayin gero yana tashi kana shaƙa. Na ce ka kwanta. Ka ce, “Namiji ya kwanta don mura? Mi zan gaya ma gero?” Rekiya ta yi maka sirace da ganyen dogon yaro, ta dama kunu da citta da kanumfari, aka sayo ƙwayoyi a kemis. Zazzaɓi ya sauka ya dawo. Aka fi mako ana haka. Kai da ka kai yaran gari asibiti, ka ce ba mai ɗaukar ka. Sai ranar da na gaishe ka ka kasa kai ƙarshen amsa ba ka tsaya ka ja numfashi ba, leɓɓanka sun yi duhu, sannan ka yi shiru da muka ce za a nemo mota. Lokacin la'asar ta wuce, hanyarmu kuwa kowa ya san ba ta biyuwa da yamma. Muka jira safiya. Muka zaɓi Kaura saboda ɗiyarka Muhsina tana aure a can, akwai mai kawo abinci.

Likitan da ya karɓe mu yaro ne mai natsuwa. Ya sa maka wani abu a yatsa, ya duba, ya kira a kawo iskar oksijin tun kafin ya tambayi sunanka. Da ka ɗan samu kanka ya durƙusa ya ce, “Baba, ban da wannan tarin, kana da wani ciwo?”

Ka ce, “Lahiya lau, ɗana, sai godiya.”

“Akwai maganin da kake sha kullum?”

“Hura dai.”

Na ce, “Likita, kada ka biye mishi. Yana da suga, yana da hawan jini, ya kuma sha taba shekarun da sunka hi naka.”

Ka janye robar daga hancinka ka dube ni ka ce, “Nagoggo, bakinka ya hi ƙohwar zaure hwaɗi.” Ƙanenka Sha'aibu yana tsaye, ranar ya fara jin zancen sugar. Ba ƙarya ka yi niyya ba, na sani. Haka aka rene mu. In an tambayi dattijo lafiyarsa, ko hanjinsa na waje, godiya zai yi. Wannan tarbiyya ce a zaure. A gaban likita kuwa ban san sunan da zan ba ta ba.

Ni na zauna jinyarka, don ba ni da gonar da ke jirana. Aikina tun ina yaro shi ne in duba in riƙe, don haka na duba ɗakin nan na maza kamar yadda na duba kowace annoba da ta ratsa ƙasarmu. Ƙyanda ta san yara. Sanƙarau ya san zafin bazara. Amai da gudawa ba ya tambayar shekarun kowa. Wannan murar kuwa tana zaɓe, kuma na ga yadda take zaɓen.

An kawo wani saurayi makiyayi daga wajen Zurmi, a sume, ya fi ka jin jiki ranar da ya zo. Kafin mu ankara yana zaune yana faɗa da ɗan'uwansa a kan an kawo masa koko ba nono ba. Da ƙafarsa ya fita. Gadon da ke kusa da naka wani mai sayar da yadi ne na cikin Kaura, mai jiki sosai, bai kai mu shekaru ba ko kusa. Shi ma suga da hawan jini. Yana ta waya da yaran shagonsa ranar farko, rana ta gaba ba ya iya riƙe wayar, bai kai Juma'a ba. Akwai dattijo daga Sakajiki mai kumburin ƙafafu, an ce zuciyarsa ta daɗe da rauni, shi ma aka fitar da shi a rufe. Akwai maƙeri wanda hayaƙin gawayi ya riga ya cinye masa ƙirji, na baro shi can tsakanin nan da can, ban san yadda ya ƙare ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wani tsoho ne da ya girme mu duka, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, shi ma da sugarsa. 'Ya'yansa mata ba su yi shawara da shi ba. Ranar da zazzaɓi ya kama shi suka naɗe shi a bargo suka kawo, yana tsine musu tun daga ƙofa. Ya sha iskar nan, aka daidaita masa suga, aka sallame shi. Yana fita yana tsine musu.

Na tambayi nas ɗin ɗakin, Malam Murtala, ko murar ce iri-iri. Ya ce galibi iri ɗaya ce ke yawo a kakar nan. Abin da suke tsoro shi ne ta samu mai shekaru, ko mai suga, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda, ko mai ƙiba da yawa, ko mai tsohon ciwon ƙirji, ko mace mai ciki. Irin waɗannan in ta sauka musu a huhu ba ta da wasa, kuma kowace kwana da aka ƙara a gida tana rage abin da su za su iya yi. Na gane maganarsa. Ruwa ɗaya ke sauka kan ɗakunan gari, amma ɗakin da gara ta ci azararsa shi ke zubewa. Kai, Nasidi, gara ta ci naka ta wuri uku, sannan muka bar shi cikin ruwa.

Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Ba Nagoggo ne zai koya wa kowa wannan ba, na binne iyaye da mata da 'ya'ya. Amma wanda ya rubuta ajali shi ya halicci sababi, kuma kai da kanka ba ka tsaya jiran ajali ba shekarar da kake ɗora yaran mutane a amalanke.

Ma'aikatan sun yi iyakar yinsu, ina shaida. Ranar Laraba ka ɗan farfaɗo, ka sha ruwa, ka tambaya ko an ɗaure dawar gonar fadama. Sannan ka ce, “Ranar da munka hito na ji ƙanwarka na tari bayan ɗaki. Tana ɓoyewa.” Na ce zan duba. Ka ce, “Kai dai duba kake, ba ka aikin komi.” Ita ce magana ta ƙarshe da ka yi mini wadda ba salati ba. Washegari da hantsi, Muhsina tana riƙe da hannunka, ka cika da kalmar shahada.

Yanzu ga zancen Rekiya. Duk wanda ya ci ƙuli-ƙulin Badarawa ya san hannunta. Tun tana amarya take tuya a ɗakin girki marar taga, itace ɗanye ko busasshe, hayaƙi yana shiga idonta da ƙirjinta. Tana da fuka wadda ke tashi duk sanyi. Jininta ya hau tun haihuwar autanta. Ta haura sittin. Ita ta yi maka sirace, kanta da naka cikin zane ɗaya. Da na shiga gaishe ta bayan addu'ar uku na same ta a zaune ta jingina da bango, don in ta kwanta numfashi ba ya zuwa. Na ji ƙirjinta yana kuka tun daga bakin ƙofa. Na ga wannan zaman a Kaura, na san inda yake zuwa.

Na samu Sha'aibu a zaure, shi ne babba a gidan yanzu. Na ce a kai ta asibiti.

Ya ce, “Yaya Nagoggo, macce cikin takaba? Ko kwana bakwai ba a yi ba. Mi mutane za su ce da mu?”

Na ce, “Su ce abin da sunka ga dama. Mutane na da huhun da za su ara mata?”

Ya ce, “Mun kai guda da ƙahwarshi, mun maido shi a makara. Yanzu kuma mu kai ta biyu?”

Na ce, “Ba da ƙahwarshi ya tai ba, Sha'aibu. Ni da kai munka ɗauke shi.”

Ba mugun mutum ba ne, kada mai karatu ya ɗauke shi haka. Ɗan'uwansa ya mutu a hannunsa, yana tsoron wurin. Tsofaffin matan gidan kuma sun tsaya a kan abin da suka gada: mai takaba ba ta ƙetare zaure, in ta ƙetare takabar ta karye, wasu ma suna cewa hankalinta zai taɓu. Ni ne mai riƙe da abin da aka gada a garin nan, don haka bari in faɗi abin da na riƙe. Shekarar da gulbi ya cinye unguwar gabas, da idona na ga an fito da mai takaba a kan jaki, ta ƙarasa kwanakinta a gidan wanta, ta rayu har ta ga tattaɓa-kunne da hankalinta garau. Ban tsaya nan ba, na je wurin liman. Ya ce takaba umarnin Allah ce, kuma Allahn da ya yi umarnin ya bar ƙofa ga larura. Mai takaba tana fita neman magani, in jinya ta kama ta kwana can, lissafinta yana tafiya. Ya ce zai faɗa da bakinsa a gaban kowa.

Mai wuyar ita ce Rekiya kanta. Jininmu ɗaya, na san irin kanta. Na gaya mata abin da liman ya ce. Ta ce, “Yaya, ban barin ɗakin Malam. Shekara nawa bai taɓa dawowa ya tarar ba ni nan ba.”

Na ce, “Ba shi dawowa, Rekiya.”

Ta ce, “Na sani. Mura ce dai, tana wucewa.”

Na ce, “Haka ya ce.”

Ta juya fuska ga bango, tari ya kama ta, na jira ya lafa na fito. Ba ta ce to ba. Amma ba ta sake cewa a'a ba, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya Allah, ga bawanka Nasidi ɗan Jaji ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa, ka sanya haske a cikinsa. Ka ɗauke shi kamar yadda ya ɗauki 'ya'yan bayinka ranar da kowa ya ja baya. Ka yafe masa taurin kansa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka haɗa shi da iyayensa da namu a Aljanna Firdausi. Waɗanda suka cika a ɗaki ɗaya da shi, mai yadi da dattijon Sakajiki, su ma ka jiƙansu. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyya ga Rekiya, da Sha'aibu da sauran 'yan'uwa, da Muhsina da ƙannenta da jikoki, da mutanen Badarawa, da Fulanin Katuru waɗanda su ma nasu ne ya tafi. Allah ya ba mu haƙuri. Ku kuma na nesa da ke karantawa a waya, in kuna da tsoho a gida mai suga ko hawan jini ko ciwon ƙirji, kuka kira ya ce muku mura ce kawai, kada ku tsaya a kan maganarsa. Ku kira maƙwabci ya leƙa ya ga yadda yake numfashi.

Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Rekiya tana son ta yi maka ita cikakkiya, Nasidi, ni ma haka nake so, kuma matacce ba ya cika takaba. Gobe Alhamis, kasuwar Shinkafi, motoci za su yi ayari tun da sassafe. Na riga na yi magana da direba, Muhsina kuma can Kaura ta san muna tafe. In an sallame sallar asuba zan riƙo hannun liman mu shiga gidanka tare. Zai yi magana da matan, ni zan yi da Sha'aibu. Rekiya za ta fito da mayafinta na takaba, ba kwalli ba turare, ta zauna a baya tsakanin mata biyu. In ta ce ba ta fita, zan shimfiɗa buzuna a ƙofar ɗakin in zauna, direba ya kashe mota ya jira. Wanda ke da magana ya same ni a can.